Bashin karatu na NELFUND: 'yata ta karɓa, ko tarko ne aka ɗana wa ɗan talaka?

Tambaya: Ni malamin firamare ne. 'Yata ta samu gurbi a jami'ar tarayya, amma kuɗin rajista ya fi ƙarfin albashina. An ce ta nemi bashin NELFUND, asusun bashin karatu na gwamnatin tarayya. Ina tsoron bashi, kuma ina zargin gwamnati na son zare hannunta daga ilimi ne kawai. Ta karɓa? Kuma me ya sa magabatanmu suka yi karatu kyauta, 'ya'yanmu kuwa sai da bashi?

Amsa: Malam, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya, ya kuma saka maka da alheri kan aikin da kake yi wa 'ya'yan jama'a. A kan 'yarka, shawarata ita ce ta karɓa. A kan tsarin gaba ɗaya kuwa, zarginka yana da tushe, sai dai wurin da aka fi cutar ɗan talaka ba a ƙofar jami'a yake ba, tun can baya ne, kuma kai da ke riƙe da alli ka fi kowa saninsa.

Bari mu fara da sharuɗɗan bashin, domin tsoron da mutane ke yi yawancinsa daga tsohuwar doka ya samo asali. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar farko a watan Yunin 2023. Waccan dokar ta ce sai iyalin da kuɗin shigarsu bai kai naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ɗalibi ya kawo mutum biyu da za su tsaya masa, irin su babban ma'aikacin gwamnati ko lauya. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo su? Da aka ga ba za ta yi aiki ba, aka soke ta, aka yi sabuwa a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. A sabuwar dokar an cire sharaɗin masu tsayawa, an cire iyakar kuɗin shiga. Babu kuɗin ruwa: abin da ta karɓa shi za ta mayar, ba ƙarin ko kwabo, saboda haka ƙarin da ke mayar da bashi riba babu shi a nan. Kuɗin makaranta kai tsaye ake biyan jami'ar, ita kuma ana tura mata naira 20,000 a wata na ɗawainiya idan ta nemi wannan ɓangaren. Biya ba ya farawa sai shekara biyu bayan ta gama bautar ƙasa, kuma kashi 10 cikin 100 na abin da take samu ake cira. Idan ba ta samu aiki ba akwai damar neman a ɗaga mata, idan kuma mutuwa ta riski mutum ana yafe bashin, ba a bin iyaye.

Mu yi lissafi da misali. A ce rajista naira 150,000 ce a shekara, na ɗawainiya kuma 240,000. Jimla 390,000, a shekara huɗu naira 1,560,000. Idan ta samu aikin naira 150,000 a wata, za a riƙa cire 15,000, ta gama cikin shekara tara ba kaɗan. Idan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 ta samu, 7,000 za a cira, sai ta haura shekara 18 tana biya. Ga abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: a ƙasar da farashi ke hawa, bashin da ba shi da ruwa yana ramewa da kansa. A watan Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin 100. Ko da kashi 20 ce a shekara, cikin shekara huɗu naira ta rasa rabin ƙarfinta. Wato kuɗin da za ta mayar nan da shekara goma ba zai sayi ko kusa da abin da ta karɓa yau ba. Idan ka kwatanta da sauran hanyoyin da malamin firamare ke da su, sayar da gona ko akuya, cin bashin ƙungiyar ma'aikata, ko zaunar da yarinya a gida, wannan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Abu biyu ku kula da su. Na ɗaya, kuɗin ba ya zuwa da wuri kullum, kuma sai makarantar ta tura bayananta kafin a tantance ta, don haka ta tanadi lambar NIN da BVN da ta JAMB, ta tabbatar sunanta iri ɗaya ne a dukkansu. Bambancin harafi guda ya tsayar da ɗalibai da yawa. Na biyu, idan dole ta sa kuka biya rajista da aljihunku kafin bashin ya fito, ku adana rasit. An yi ta ƙorafi a 2025 cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ɗaliban da suka riga suka biya amma suka yi ta jan ƙafa wajen mayar musu. Haƙƙinta ne a mayar mata. Kada kuma bashin ya hana ta neman tallafin hukumar bayar da sukolashif ta jiharku, wanda shi ba a biya.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi damuna.

Gaskiya ne an yi zamanin da ɗalibin jami'a ke cin abinci mai kyau a ɗakin cin abinci, ana wanke masa zanin gado, jiha na biyansa alawus. Amma a tuna yawansu. Lokacin da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, jami'o'in ƙasar nan biyar ne kacal, ɗalibansu 'yan dubbai. Da kuɗin man fetur ya ɓarke a shekarun 1970 aka ƙara sababbi, irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, gwamnatin soja ta Obasanjo kuma ta soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ba a je ko'ina ba aljihu ya fara nuna gajiya. A 1978 aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini, abin da ya jawo zanga-zangar da aka yi wa ministan ilimi Kanar Ahmadu Ali, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Daga wannan ranar kowace gwamnati ta ɗauki darasi ɗaya: kada a kuskura a ce an dawo da kuɗin koyarwa. Sai aka bar sunan "kyauta" a takarda, aka daina zuba kuɗin da zai riƙe shi. Tsarin tsuke bakin aljihu na SAP na 1986 ya karya naira, littattafai da kayan gwaji suka gagara saye, ƙwararrun malamai suka watsu ƙasashen waje, ɗalibai kuwa sai ƙaruwa suke.

Har gobe a hukumance ba a biyan kuɗin koyarwa a jami'ar tarayya. Abin da aka caje ku kuɗin rajista ne da na jarrabawa da na ɗakin karatu da na asibiti da makamantansu. Gwamnatin tarayya tana biyan albashi, amma abin da take bayarwa na gudanarwar yau da kullum bai taka kara ya karya ba. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira, sannan a Afrilun 2024 aka ninka kuɗin lantarki ga masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, fiye da sau uku, manyan jami'o'i suka wayi gari da takardar wuta ta ɗaruruwan miliyoyi a wata. Ba su da wanda za su juya gare shi sai ɗalibi. Shi ya sa a 2023 Jami'ar Legas da Bayero da Maiduguri da sauransu suka ƙara kuɗi, wasu ninki biyu, wasu fiye da haka nesa. A Kano sai da gwamnatin jiha ta biya wa dubban 'yan jihar da ke Bayero rajista, ta kuma rage rabin kuɗin makarantunta. A Kaduna ma an rage ƙarin da aka yi a 2021. Waɗannan matakai sun ceci yara da yawa, amma sun dogara ne da ra'ayin gwamnan da ke kan kujera.

Kasafin ilimi na tarayya ya daɗe yana yawo tsakanin kashi 5 zuwa 8 cikin 100 na kasafin ƙasa. Za ka ji ana cewa UNESCO ta ce kashi 26, amma ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Ko da wanne aka auna, muna ƙasa sosai. A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ga ɗakunan gwaji babu kayan aiki, ɗalibai na ɗaukar lacca ta taga, ɗakin kwana na mutum huɗu ya koma na goma sha. Daga nan aka yi yarjejeniyar zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. Kashin farko na biliyan 200 aka fitar, sauran ya zama abin da ake ta ja-in-ja a kai. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 duk daga irin waɗannan alkawura suka fito. Kuma wa yajin aiki ke ci? Mai hali ya riga ya kai ɗansa jami'a mai zaman kanta ko Masar ko Ingila. 'Yar malamin firamare ce ke zama a gida shekara guda, wata ma daga nan sai aure, karatun ya tafi ke nan.

A nan ne zan faɗi abin da abokan aikina da dama ba sa son ji. Karatun jami'a kyauta ga kowa da kowa, a ƙasa irin tamu, ba talaka ne ya fi cin moriyarsa ba. Dubi wanda ke isa ƙofar. Dole yaro ya gama firamare yana iya karatu, ya samu sakandare mai malamin lissafi da na kimiyya, a biya masa WAEC ko NECO, ya samu kiredit biyar har da Turanci da lissafi, sannan ya zauna JAMB a gaban kwamfuta. Yaron da ya taso a ƙauyen Zamfara ko Jigawa ko Yobe, wanda bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, yana gasa ne da wanda aka biya wa makarantar kuɗi tun daga nazare. Kusan mutum miliyan biyu ke rajistar JAMB a shekara, waɗanda ke samun gurbi ba su kai rabi ba. Waɗannan miliyan biyun ma su ne masu sa'a. UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa firamare, UNESCO kuma a 2022 ta ce idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare sun kai kusan miliyan 20, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Binciken hukumar ƙididdiga na 2022 ya nuna mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, kashi 65 cikin 100 nasu a Arewa.

To da kuɗin wa ake riƙe jami'a? Da kuɗin mai, wanda na kowa ne, da harajin VAT na kashi 7.5 da mai sayen katin waya a ƙauye ke biya. Manomin da ɗansa bai wuce aji huɗu ba yana cikin masu ɗaukar nauyin ɗan babban sakatare da ke karatun likita kusan kyauta, wanda wataƙila da ya gama zai tashi zuwa Ingila ko Saudiyya. Uban da ya iya biyan miliyoyi a sakandare mai zaman kanta, idan ɗansa ya shigo jami'ar tarayya sai a caje shi daidai da kai. Ni ban ga adalci a nan ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma kada a ɗauki wannan magana a matsayin goyon bayan a sakar wa iyaye nauyin. Masu cewa "a ƙara kuɗi, ai ga bashi nan" sun tsallake abubuwa da dama. Naira 20,000 a wata ba ta ciyar da ɗalibi, balle haya da mota da kwafin takardu, don haka wanda gidansu ba za a iya ƙara masa komai ba har yanzu yana cikin haɗarin barin karatu. Sannan talaka ya fi mai kuɗi tsoron bashi, kuma yana da dalili, domin ya ga abin da bashi ya yi wa maƙwabcinsa. Akwai kuma batun 'ya'ya mata, wanda iyaye ke tunanin yadda za a kai yarinya gidan miji da bashi a kanta. Duk da haka, jami'o'in Arewa irin su Maiduguri da Bayero suna sahun gaba wajen yawan masu nema, abin da ke nuna irin matsin da ake ciki. Babban haɗarin shi ne bashin ya zama lasisin ƙara kuɗi: jami'a ta san asusun zai biya, sai ta ƙara, gwamnati ta ga jami'a na samun kuɗi, sai ta ƙara ja da baya. Ingila ta bi wannan hanya. An fara da fam 1,000 a 1998, ya koma 3,000 a 2006, ya kai 9,000 a 2012, gwamnati kuma ta rage abin da take ba jami'o'i kai tsaye na koyarwa.

Salon cire kaso daga albashi Ostareliya ce ta fara shi a 1989, kuma ya yi aiki a can ne saboda hukumar haraji ta san abin da kusan kowa ke samu. Mu nan mafi yawan masu aiki ba su da takardar albashi: kasuwa, noma, sana'ar hannu, acaɓa. Wa zai cire kashi goma daga ribar mai shagon ɗinki? Mun taɓa gwadawa ma. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, aka ba da rance, aka kasa karɓowa, hukumar ta durƙushe. Bankin ilimi da aka yi wa doka a 1993 bai je ko'ina ba. Kenya na da tata hukumar tun 1995, kuma har yanzu tana fama da waɗanda ba su biya ba. Abin da ya sa na ce maka bashin na da sauƙi ga 'yarka, wato rashin ruwa da hauhawar farashi, shi ne kuma ke sa asusun ba zai taɓa riƙe kansa ba. Kullum sai gwamnati ta zuba sabon kuɗi. Dokar 2024 ta ware masa kashi 1 cikin 100 na abin da hukumar tara haraji ta tarayya ke tarawa. Tunda a zahiri rabinsa kyauta ne, ni da za a ji tawa, da an fito fili an raba shi gida biyu: tallafin da ba a biya ga 'ya'yan marasa ƙarfi, da bashi ga masu matsakaicin hali, mai hali kuma ya biya cikakken kuɗi. Afirka ta Kudu ta yi wani abu mai kama da haka bayan zanga-zangar ɗalibai ta 2015, inda a ƙarshen 2017 aka mayar da bashin tallafi ga iyalan da ba sa samun fiye da rand 350,000 a shekara. Su ma suna kokawa da tsadarsa, amma sun san wa suke nufi da kuɗin. Wahalar a wurinmu ita ce gane wane ne talaka ba tare da 'yan siyasa sun cika jerin da yaransu ba. Ana iya farawa da abin da ba a iya ƙaryatawa cikin sauƙi, kamar irin sakandaren da yaro ya gama da ƙaramar hukumar da take.

Akwai wani asusu da ya kamata kowane uba ya sani, TETFund. Duk wani sabon gini da ka gani a jami'a ko kwalejin ilimi ko ta fasaha ta gwamnati, da wuya ba tambarinsa ne a jiki ba. Ya samo asali ne daga yarjejeniyar ASUU da gwamnati ta 1992, aka yi dokar harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni, daga baya ya koma 2.5, ya kai 3 a 2023. Rabi na zuwa jami'o'i, sauran rabin a raba tsakanin kwalejojin fasaha da na ilimi. A ƙudurin gyaran haraji da aka kai majalisa a 2024 an so a riƙa rage kason TETFund har ya ƙare a 2030, kuɗin ya koma asusun bashi. Da hakan ta tabbata, da zarginka ya zama gaskiya tsantsa: a ɗauke kuɗin gina aji a mayar da shi bashi a wuyan ɗalibi. Sai da ASUU da wasu suka tada jijiyar wuya kafin a bar wa TETFund kasonsa a dokar da aka sa wa hannu a 2025. Wannan ya nuna maka inda tunanin wasu masu tsara manufofi ya karkata, kuma ba na jin sun haƙura.

Ɗaya ɓarnar ita ce yawan buɗe jami'o'i. Kowane ɗan majalisa na son a ce ya kawo jami'a mazaɓarsa, sai a raba ɗan abin da ke akwai ga makarantu da yawa, kowacce ta tashi da ƙarancin malamai. A watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na shekara bakwai. Mataki ne mai kyau idan an riƙe shi.

Kuma duk wannan bai taɓa ajinka ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Shekara da shekaru biliyoyin naira na kwance a hukumar UBEC saboda jihohi ba su kawo nasu ba, a daidai lokacin da yara ke zaune a ƙasa, malami guda na fama da aji mai yara fiye da ɗari. Gwamnan da ya tura ɗalibai ɗari karatu waje ana ganinsa a talabijin, wanda ya ɗauki ƙwararrun malaman firamare dubu biyar ya biya su a kan lokaci ba mai yi masa waƙa, alhali na biyun ne ke ƙara yawan 'ya'yan talakawan da za su kai ga neman gurbi. Ɗaliban jami'a na da ƙungiya, malamansu na da ASUU, suna iya rufe hanya a saurare su. Yaro ɗan aji uku da bai iya karanta sunansa ba ba shi da mai yi masa yajin aiki, shi ya sa kuɗi ke bin inda ake da murya.

Game da NELFUND kansa, har yanzu rabinsa mai daɗi kawai muka gani, wato rabon kuɗi. Waɗanda suka karɓa a 2024 suna ajin ƙarshe za su fara biya ne wajen 2027 zuwa 2028, bayan bautar ƙasa da shekara biyun da doka ta ba su. A lokacin ne za a ga nawa ke dawowa, da yadda za a yi da waɗanda ba su samu aiki ba, da kuma ko wata gwamnati za ta nemi ta sa ruwa a kan sababbin masu karɓa. Saboda haka 'yarka ta sauke takardar sharuɗɗan da ta amince da su a ranar da ta nema, ta buga ta a takarda, ku ajiye kwafi a gida.